Shiga Gidan Saƙon Wani Ba Sallama: Haƙƙin Kamfani da Haƙƙin Jama'a

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau, in mutum ya ji shi da farko, sai ya ce ai rigimar attajirai ce can a Amurka, ba ruwanmu. Ina fata kafin mu tashi za ku yarda da ni cewa rigimar tana cikin aljihun kowane ɗayanmu. Tambayar ita ce: idan kamfani ya gina hanyar aika saƙo da kuɗinsa, ya ce ba a shiga sai da manhajarsa, sa'an nan wani ya ƙera tasa manhajar ya kutsa ba da izini ba, ya yi laifi ko bai yi ba? Hukuncin kotu aikin lauyoyi ne, na bar musu. Wanda nake nema shi ne hukuncin da mutum mai hankali da mutunci zai yanke in an kawo ƙarar gabansa.

Bari mu fara da abin da ya faru, domin shari'a ba ta yiwuwa sai an ji ba'asi.

Kamfanin Apple, mai ƙera wayar iPhone, ya fito da hanyar saƙonsa mai suna iMessage cikin shekarar 2011. Mai iPhone in ya rubuta wa ɗan'uwansa mai iPhone, saƙon yakan bi ta intanet, ya ratsa manyan kwamfutocin Apple a kulle, watau an juya rubutun ta yadda ba mai iya karanta shi a hanya sai wanda aka aika wa. Irin wannan saƙo yakan fito cikin ɗan akwati shuɗi. Kafin Satumbar 2024 kuwa, in wanda aka rubuta wa mai wayar Android ne, sai saƙon ya koma tes na gargajiya, cikin akwati kore, ba kulli, hoto ya dusashe, bidiyo ya lalace, hirar mutane da yawa ta rikice. Mu nan wannan bai dame mu ba, domin mun tattara a WhatsApp tun tuni. Amma a Amurka, inda jama'a suka fi sabawa da manhajar saƙon da ta zo tare da waya, kuma inda iPhone ta yi rinjaye ƙwarai tsakanin matasa, koren akwati ya zama abin gori. Yaro mai Android sai abokansa su bar shi waje in za su yi hira.

Ba kuwa cikin rashin sani Apple ya bar abin haka ba. A shari'ar da kamfanin Epic ya kai shi, wadda aka saurara cikin 2021, an fito da wasiƙun shugabanninsa na cikin gida, har da wata ta 2013 inda Craig Federighi ya nuna tsoron cewa in aka kai iMessage kan Android, to an kawar da abin da ke hana iyaye masu iPhone su saya wa 'ya'yansu Android. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana nan, cikin 2023, sai wani ɗan makarantar sakandare mai shekara 16 ya zauna ya gano yaren da iPhone ke yi da kwamfutocin Apple. Abin da ya yi kamar tela ne da ya sami rigar wani gwani, ya warware ta ɗinki ɗinki, har ya gane yadda aka yanka ta. Wani ƙaramin kamfani mai suna Beeper, na Eric Migicovsky, ya ɗauki aikin yaron ya gina manhaja a kai, Beeper Mini, ya fito da ita ranar 5 ga Disamba 2023, a kan dala 1.99 kowane wata. Manhajar takan gabatar da wayar Android ga kwamfutocin Apple kamar iPhone ce, a yi wa lambarta rajista, shi ke nan saƙonta ya zama shuɗi, kuma a kulle. Kwana uku kawai aka yi, ranar 8 ga wata Apple ya toshe ƙofar. Beeper ya sake ɓullowa ta wata kafa, ya daina karɓar kuɗi, Apple ya sake toshewa, haka aka yi ta wasan ɓuya har 21 ga Disamba, ranar da Beeper ya ce ya gaji, ba zai ƙara bin wannan hanya ba.

To, ga ba'asin kowa. Apple ya ce manhajar shaidar jabu take nunawa a bakin ƙofa, kuma in aka bar irin wannan kafa a buɗe, masu damfara da masu turo tarkacen saƙo za su bi ta nan, bayanan jama'a su fita. Beeper ya ce shi tsaro ma ya ƙara wa mutanen Apple, domin da, in mai iPhone ya rubuta wa mai Android, saƙon tsirara yake tafiya, yanzu kuwa ya sami kulli.

Mu ɗauki hujjar mai gida tukuna, domin ita ce ta fi saurin shiga kai. Kwamfutocin nan Apple ya saye su, shi ke biyan wuta da ma'aikata. Wanda ya haƙa rijiya a gidansa, in ya tarar da ɗan garuwa ya hauro katanga yana ɗiba, har yana sayarwa a gari, ba za a ce ya yi zalunci ba don ya gyara katangarsa. Kuma akwai abin da ba ya wankuwa a aikin Beeper, watau sojan gona. An tambayi waya a bakin ƙofa, wace ce ke, ta ce ni iPhone ce, alhali ba ita ba ce. Wasu sukan ce ai na'ura aka yi wa ƙarya, na'ura kuwa ba ta da haƙƙi. Ni ban karɓi wannan ba. Maigadi ma ba shi ne mai gida ba, amma wanda ya nuna masa katin jabu ya san wa ya yaudara. Daɗin daɗawa, Beeper ya sayar wa mutane abin da ba ya hannunsa. Ya karɓi kuɗin wata a kan ƙofar da ya san mai ita zai iya rufewa gobe, kuma wanda ya jingina hulɗarsa a kai ya wayi gari saƙo ba ya fita.

Sai dai misalin rijiya yana da inda ya tsaya. Darajar rijiya ruwanta ne, ko mutum ɗaya ke sha. Hanyar saƙo kuwa ba ta da wata daraja sai ta mutanen da ke cikinta. Wayar tarho guda ɗaya a duniya ba ta fi dutse amfani ba. Abin da ya sa iMessage ya zama abin nema shi ne mahaifiyarka da abokan karatunka suna ciki, su kuwa ba Apple ya ƙera su ba. Saboda haka in kamfani ya ce wannan dukiyata ce, sai mu ce kwamfutocin naka ne, amma zumuncin da ke bi ta cikinsu na masu shi ne. Sa'an nan a kowace hira tsakanin Beeper da iPhone, akwai mutum ɗaya da ya riga ya biya Apple kuɗi mai yawa, kuma shi ne aka mayar wa saƙonsa tsirara da aka rufe ƙofar. Wanda ya ce tsaronka ne ya dame shi, ya kuma ƙi ba ka kulli in za ka rubuta wa maƙwabcinka, dole a duba maganarsa sau biyu. Nan ne wasiƙar 2013 take da amfani. Mun ji daga bakin masu gida cewa katangar tana da wani aiki ban da tsaro, watau hana na ciki fita.

Wannan rigima ba yau aka fara ta ba, kuma tarihinta yana koya mana kada mu yi saurin yarda da kukan kowane ɓangare. A Amurka, kamfanin tarho na AT&T ya daɗe yana hana a haɗa kowane irin abu da layinsa in ba nasa ba, yana cewa zai lalata layin. Har wani ɗan kofi da ake ɗora wa bakin tarho don kada na kusa su ji magana, mai suna Hush-A-Phone, sai da aka je kotu a kansa, kotu ta halatta shi cikin 1956. Cikin 1968 hukumar sadarwa ta ƙasar ta yanke hukunci a kan na'urar Carterfone, wadda ke haɗa tarho da rediyon oba-oba, ta ce kowa na iya haɗa na'urarsa muddin ba ta cutar da layin ba. Layin bai lalace ba. Abin da ya biyo baya shi ne yaɗuwar na'urar fakis da na'urorin da suka fara kai kwamfuta kan layin tarho. Haka kuma cikin Yulin 1999 kamfanin Microsoft ya fito da MSN Messenger, ya sa ta tana kutsawa cikin hanyar saƙon AOL, wadda ita ce babba a lokacin. AOL ya toshe, Microsoft ya ɓullo, aka yi ta yi har Microsoft ya haƙura kafin ƙarshen shekara. A wancan lokaci Microsoft shi ne mai wa'azin a buɗe ƙofa. Da tasa hanyar ta cika da jama'a, cikin 2003, shi ma sai ya fara tsananta wa ƙananan manhajojin da ke shiga masa ba lasisi. Na baya kullum yana son a buɗe, na gaba yana son a rufe, in suka yi musanyar wuri sai su yi musanyar wa'azi. AOL ɗin ma, da duk katangarsa, ya rufe hanyar saƙon nan tasa cikin Disambar 2017.

Yanzu na zo ga abin da a ganina shi ne zuciyar al'amarin, wanda kuma masu gardama suka fi mantawa da shi. Ana magana kamar mutum biyu ne a shari'ar, mai gida da mai kutse. Alhali saƙo ba ya tafiya sai da mutum na uku, watau wanda ke can ɗaya ƙarshen, wanda ya rubuto maka yana zaton ya san hannun da wasiƙarsa za ta faɗa. Kai ka zaɓi manhajar da ka sa a wayarka, in ta cuce ka, kai ka jawo. Shi fa? Ba wanda ya shawarce shi. Ya ga shuɗin akwati, ko ya ga alamar kulli, ya saki jiki ya faɗi sirrinsa. Ma'aunin da nake ba ku shi ne wannan: manhajar da ta shiga gidan wani, me ta yi da amanar wanda bai san ta shigo ba?

In muka auna da wannan mudu, za mu ga masu kutse ba ɗaya suke ba. Makonni kaɗan kafin Beeper Mini, cikin Nuwambar 2023, kamfanin wayoyi na Nothing da ke Landan ya fito da manhajar Nothing Chats tare da wani kamfani mai suna Sunbird, ita ma don kai iMessage kan Android. Tata dabarar daban ce. Sai ka miƙa mata sunanka da kalmar sirrinka ta Apple, ta shiga da su a wata kwamfutar Apple da ke ajiye a ɗakinta, duk saƙonka ya riƙa bi ta nan. An yi wa mutane alkawarin cewa kome a kulle yake. Masu bincike suka duba suka tarar saƙonni da hotunan jama'a a buɗe, washegari aka janye manhajar daga kasuwa. Cikin waɗanda hotunansu suka zauna a fili har da masu iPhone da ba su taɓa jin sunan Sunbird ba. Beeper Mini bai yi haka ba. Saƙonsa daga wayar mutum yake tashi a kulle zuwa kwamfutocin Apple, kuma ya baje ginshiƙin aikinsa don masana su duba. Dukansu biyu sun haura katanga ɗaya. Ɗaya ya kai wasiƙa a rufe, ɗaya ya bar ta a buɗe a bakin hanya. Wanda ya yi musu hukunci ɗaya bai yi adalci ba.

Duk da haka akwai gaskiya guda a bakin Apple wadda bai kamata a hana shi ba. Mai iPhone ba shi da yadda zai bambanta Beeper da Sunbird, duka shuɗi yake gani. Kafar da mutumin kirki ya bi jiya, ɓarawo zai iya bi gobe, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ne ya sa, ko da niyyar mai kutse ta yi kyau, kutse ba ya zama tsarin da jama'a za su dogara a kai.

Mu dawo gida, domin na yi muku alkawari. Na tabbata in na ce a ɗaga waya sama a ɗakin nan, za a sami waɗanda ke da GBWhatsApp ko wata 'yar'uwarta. Waɗannan WhatsApp ne da wasu suka farke suka yi wa ƙari, ana raba su hannu da hannu, ba ta kasuwar manhajoji ta hukuma ba. Kamfanin ya fara korar masu amfani da WhatsApp Plus tun Janairun 2015, yana rufe su na awa 24, bai kuma daina kora ba. Me ya sa mutane suke son su? Wani abin ba laifi, kamar canja launi ko aika babban fayil. Amma ku dubi abin da aka fi yabonsu a kai: ka karanta saƙon da mai shi ya goge, ka ajiye hoton da aka aiko don a gani sau ɗaya, ka leƙa abin da mutum ya ɗora ba tare da ya san ka leƙa ba. Duk waɗannan ba kamfanin Meta suke cuta ba. Abokinka suke cuta, wanda ya goge kalmar da ya yi nadamarta yana zaton ta tafi. A nan mai manhajar bai ma yi da'awar buɗe wa jama'a hanya ba, domin kowa na iya samun WhatsApp kyauta a iPhone ko Android.

Ga kuma wanda ke bayan labule. WhatsApp ya kulle saƙonninsa daga hannun mai aikawa zuwa hannun mai karɓa tun Afrilun 2016, amma kullin a cikin waya yake buɗewa, kuma manhajar ce ke riƙe da makulli. In wanda ba ka san sunansa ba ne ya ƙera ta, to shi ka ba makullin. Cikin 2021 masu binciken kamfanin Kaspersky sun sami muguwar ƙwayar kwamfuta mai suna Triada a cikin FMWhatsApp. Cikin 2022 Meta ya kai ƙarar wasu kamfanoni na China da Taiwan, yana zarginsu da sace asusun mutane fiye da miliyan ɗaya ta irin waɗannan manhajoji. Ma'aikatan hukuma da ke nan, ku kun fi kowa sanin yawan takardun ofis da ke yawo a WhatsApp yau: jerin sunayen ma'aikata, takardar albashi, sakamakon jarrabawa, har rahoton asibiti. Akawun da ba zai taɓa yarda ya ba baƙo makullin kabad ɗin fayil ba, sai ga shi ya karɓi fayil ɗin a manhajar da wani ya tura masa a tashar mota. Mutanen da sunayensu ke ciki ba su zaɓi wannan ba, kuma tun Yunin 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane.

To, in haure katanga ba tsari ba ne, rufe ƙofa kuma ya cuci jama'a, ina mafita? Kakanninmu sun san irin wannan matsala a wani fanni. Gona ta manomi ce, ba mai musu, amma in ta tare tsakanin garke da mashaya, ba a ce makiyayi ya karya shinge da dare, ba a kuma ce shanu su mutu da ƙishirwa. Sai hukuma ta yanka burtali, ta sa masa iyaka, kowa ya san inda zai bi da abin da zai biya in ya yi ɓarna. Mu ma mun ga irinsa a zamaninmu. Da wayar salula ta zo cikin 2001, wanda ya yi amfani da ita a farkon nan zai tuna wahalar kiran wani layi daga wani, har masu hali suna yawo da waya biyu ko uku. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kamfanoni su haɗa layukansu, cikin 2013 kuma aka ba mutum ikon ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lambarsa. Ba mai cewa yau an ƙwace wa MTN dukiyarsa don mai Glo ya kira mai MTN.

Tarayyar Turai ita ce ta fara yanka irin wannan burtali a hanyoyin saƙon intanet. Dokarta ta kasuwannin zamani ta tilasta wa WhatsApp da Messenger, daga Maris 2024, su buɗe wa sauran manhajoji ƙofa in sun nema. Abin lura shi ne sharuɗɗan. Mai shigowa da sunansa zai shigo, ya sa hannu a yarjejeniya, kullinsa ya kai ƙarfin na mai gida. Mai waya kuma shi zai kunna abin da kansa in yana so, kuma saƙon baƙo ba ya ɓoye cewa baƙo ne. Watau an dawo wa mutum na ukun nan da abin da kutse ya hana shi, sanin wanda yake magana da shi. iMessage kuwa ya tsira daga dokar, domin cikin Fabrairun 2024 hukumar Turai ta ga bai zama babbar mashigar 'yan kasuwa ga jama'a a can ba.

Shi kuma Beeper, duk da ya sha kaye, ƙurar da ya tayar ba ta kwanta a banza ba. Tun cikin Disamban nan wasu 'yan majalisar Amurka na jam'iyyu biyu, cikinsu da Amy Klobuchar da Mike Lee, suka rubuta wa Ma'aikatar Shari'a su nemi a bincika. Cikin Maris 2024 ma'aikatar, tare da jihohi da dama, ta kai Apple kotu a kan danne kasuwa, kuma batun saƙo yana cikin ƙarar. Cikin Afrilu kamfanin Automattic ya sayi Beeper. Cikin Satumbar 2024 Apple ya sa wa iPhone tsarin RCS, wanda ya riga ya yi alkawarinsa tun Nuwambar 2023, hoto da bidiyo tsakanin iPhone da Android suka gyaru. Akwatin dai yana nan kore.

Burtalin Turai na mutanen Turai ne, bai iso nan ba. Mu da muka zuba kasuwancinmu da zumuncinmu da rabin aikin ofis a hannun kamfani ɗaya da ke wata ƙasa, muna tsakanin ƙofar da shi kaɗai ke riƙe da makullinta da manhajojin da ba su da mai su. Ɗaliban shari'a da na kimiyyar kwamfuta da ke zaune a nan, wasunku za su yi aiki a Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, kuma wannan fayil zai iso teburinku. Shugaban zama, na ga alamar lokaci ya yi.